Yadda Firintar Kan Tebur Ta Koyi Karkata

Firintar 3D irin wadda ake ajiyewa a kan tebur motsi uku kawai ta sani: hagu da dama, gaba da baya, sama da ƙasa. Injiniyoyi suna kiran kowace hanyar motsi aksis, sun kuma raɗa wa ukun nan X da Y da Z. Zaren roba yana shiga ta sama, ya narke a zafin da ya kai digiri 200 ko ya ɗara, ya fito ta wani tsukakken baki da ake ce wa nozul, wanda faɗin raminsa yawanci milimita 0.4 ne. Nozul ya zana shimfiɗa ɗaya a kan faranti, ya ɗaga da kimanin milimita 0.2, ya zana wata a kanta, haka har abin ya tashi. Bakinsa kullum ƙasa yake kallo, shimfiɗun kuma kullum a kwance suke.

Tun daga wajen 2015 wasu ɗalibai da masu bincike da masu sha'awar ƙere-ƙere a gida suka fara kwance irin waɗannan firintoci suna ƙara musu motsi na huɗu da na biyar, wato karkata da juyawa. Wanda ya ga ɗaya tana aiki, faranti yana sunkuyawa yana juyi a ƙarƙashin nozul, zai ɗauka ƙarfen ne abin mamakin. A ganina ƙarfen shi ne mafi sauƙi a cikin al'amarin. Abin da ya ci shekaru, har yau kuma bai gama warwaruwa ba, shi ne koya wa kwamfuta ta tsara gini ba a kwance ba.

Duk wanda ya taɓa aiki da firinta ya san illar shimfiɗar kwance. Narkakkiyar roba ba ta zama a kan iska. Idan bango ya karkata waje da digiri 45, kowace shimfiɗa za ta zarce ta ƙasanta da milimita 0.2, rabin faɗin layin yana zaune a kan abu, rabi yana lilo. Wannan roba tana jurewa. Da an wuce haka sosai sai layin ya fara zubowa, ya lanƙwashe, ya bar zare-zare suna reto. Maganin da aka saba shi ne a buga matokarai a ƙarƙashin duk inda ya yi rumfa, in an gama a ɓalle su da filaya a zubar. Roba ta tafi a banza, awanni sun tafi, inda matokari ya taɓa ya bar tabo, ga wasu lunguna da hannu ba ya kaiwa balle a ciro abin da ya maƙale a ciki. Sai batun ƙarfi, wanda ya fi damun masu buga kayan aiki. Layin roba yana da ƙarfi a tsawonsa, amma abin da ya haɗa shimfiɗa da shimfiɗa mannewar zafi ce kawai. Buga ƙugiya a tsaye ka rataya mata kaya, za ta rabe daidai kan layin shimfiɗa. Buga ta a kwance, ta ɗauki nauyin da wancan ba ta ko kusanta ba. Abin da nauyi ke ja ta fuskoki da yawa kuwa, dole mai ƙira ya zaɓi fuska ɗaya ya ba ta ƙarfi, sauran su haƙura. Ga kuma doro mai gangara a hankali, irin bayan cokali, yana fitowa hawa-hawa har farce yana jin matakalar.

Maginiyar tukwane ba ta aiki da wannan ƙa'ida. In ta zo kafaɗar tulu, juya shi take yi ko ta kewaya shi, ta ɗora yumɓu ta fuskar da zai zauna. Abin da masu ƙara aksis suke nema ke nan: a karkato aikin, ko a karkato nozul, yadda kowane sabon layi zai samu abin da zai kwanta a kai.

To me ya sa aka yarda da shimfiɗar kwance tun farko? A 1984 wani injiniya Ba'amurke, Chuck Hull, ya nemi haƙƙin mallakar wata hanya ta daskarar da ruwan roba da haske, aka ba shi a 1986, shekarar da aka kafa kamfanin 3D Systems a Kalifoniya. A injinsa babu zaɓi, domin abin yana daskarewa ne a saman ruwa cikin tanki, ruwa kuwa a kwance yake zama. A 1987 kamfanin ya fito da tsarin fayil na STL, wanda ke siffanta fatar abu da ɗimbin ƙananan siffofi masu kusurwa uku. Yanka irin wannan siffa gunduwa-gunduwa a kwance lissafi ne mai sauƙi, wanda kwamfutar wancan zamani ba za ta gaza ba.

Scott Crump, wanda ya ƙirƙiro hanyar narka zare, ba ruwa ne ya ɗaure shi ba. Labarin da aka sani shi ne a 1988 ya yi wa 'yarsa kwaɗon wasa da bindigar gam da ya cika da cakuɗen roba da kakin kyandir, daga nan tunanin ya zo masa. A 1989 ya nemi haƙƙin mallaka, shi da matarsa Lisa suka kafa Stratasys a jihar Minnesota. Nozul ba ya ƙin fesa roba ta kowace fuska, amma shi ma a kan shimfiɗar kwance ya gina injinsa, kuma akwai hujja mai ƙarfi. Muddin ana hawa daga ƙasa zuwa sama shimfiɗa bayan shimfiɗa, nozul kullum yana saman duk abin da aka riga aka buga. Ba zai taɓa cin karo da aikinsa ba. Manhajar da ke tsara hanya ba ta bukatar sanin faɗin kan firinta, ko inda fanka take, ko ta ina waya ta bi. Wannan sauƙi ne babba, shi ya sa mutum zai iya saukar da kowace irin siffa ya danna maɓalli ɗaya ya tafi harkarsa. Wanda ya ƙara karkata ya rabu da wannan sauƙin ke nan, sai ya biya kuɗinsa da lissafi.

A wajen masu sassaƙa ƙarfe, karkata da juyawa tsohon labari ne. A ƙarshen shekarun 1940 John Parsons, a jihar Michigan, ya fara amfani da katin da ake hudawa wajen lissafin siffar fukafukan jirgi mai saukar ungulu. Rundunar sojin saman Amurka ta zuba kuɗi, a 1952 jami'ar MIT ta nuna injin sassaƙa na farko da lambobi ke tuƙawa. Daga wannan zuriya aka samu yaren umarni da ake kira G-code, wanda aka daidaita ƙa'idarsa a shekarun 1960, kuma a cikinsa an ware haruffan A da B da C domin juyawa a kewayen X da Y da Z. Wannan yaren ne firintar kan tebur take ji har yau.

Irin muhimmancin da manyan ƙasashe suka ba wannan fasaha ya fito fili a 1987, lokacin da aka bankaɗo cewa wani reshen kamfanin Toshiba na Japan ya sayar wa Tarayyar Sobiyet manyan injinan sassaƙa masu aksis da yawa, kamfanin Kongsberg na Norwe kuma ya ba da na'urorin sarrafa su, duk a saɓa wa dokar hana fitar da irin waɗannan kaya. Amurka ta yi zargin cewa da su aka gyara farfelar jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku har ƙararsu ta ragu. Abin lura a nan, ƙarfen daga wani kamfani ya fito, na'urar da ke lissafa motsinsa daga wani, kuma ɗaya ba ya amfani sai da ɗayan.

Firintar 3D ta daɗe a hannun manyan kamfanoni. A 2002 Stratasys ta fitar da samfurin Dimension a kan ƙasa kaɗan da dala 30,000, aka ce araha ta zo. Ba wanda zai ɗauki sukuddireba ya kwance injin wannan kuɗi don ya gwada wani tunani da ya zo masa. Canjin ya faro ne a 2005 a jami'ar Bath ta Ingila, inda Dokta Adrian Bowyer ya kafa shirin RepRap. Burinsa firinta wadda za ta buga yawancin sassan jikinta, a kuma saki zanenta kyauta kowa ya kwafa ya gyara. Samfurin farko, Darwin, ya fito a 2007, a watan Mayun 2008 kuma ya buga sassan da aka harhaɗa ɗansa da su. A 2009 wa'adin haƙƙin mallakar Crump ya ƙare. A shekarar ne MakerBot ta fara sayar da kayan haɗa firinta a Brooklyn kan dala 750. Josef Průša, matashi daga Jamhuriyar Cek, ya sauƙaƙa wata ƙirar RepRap mai suna Mendel a 2010, ya fitar da Prusa i3 a 2012, ƙirar da aka yi ta kwafa a ko'ina. A 2011 Alessandro Ranellucci ya saki manhajar yanka ta Slic3r, manhajar Marlin mai tuƙa allon firinta ita ma ta bayyana. Zuwa 2018 kamfanin Creality na birnin Shenzhen yana sayar da Ender 3 a kan kimanin dala 200.

Araha kaɗai ba ta isa ta bayyana abin da ya biyo baya ba. Firintar zuriyar RepRap tana zuwa da zanenta a buɗe, don haka wanda zai ƙera mata sabon sashe ya san inda kowane noti yake. Manhajar allonta a buɗe take, ana iya gaya mata an ƙara injin juyi biyu. Ita kanta kuma tana iya buga maƙalai da mazaunin boris da gidan bel ɗin da za a sauya ta da su. MakerBot ta juya wa wannan tafarki baya a 2012, ta rufe zanen sabon samfurinta, shekara guda bayan haka Stratasys ta saye ta. Duk firintocin kan tebur da za a ambata daga nan cewa an ƙara musu aksis, a ɓangaren da ya tsaya a buɗe suka fito.

Tunanin lanƙwasa shimfiɗa ya riga injin da zai yi shi a gida. A 2008, shekarar da Darwin ya haihu, masu bincike uku a cibiyar fasaha ta IIT Kharagpur a Indiya suka wallafa lissafin hanyar da nozul zai bi in ana son shimfiɗa ta bi doron abu, musamman abubuwa masu siririn ɓawo da ke karyewa a kan layin shimfiɗa.

A 2015 wani ɗalibin digiri na biyu a jami'ar Oslo, Øyvind Kallevik Grutle, ya ɗauki firintar RepRap Ormerod ya sa mata faranti mai karkata da juyawa, ya kira ta Pentarod. Zaɓinsa ba kame-kame ba ne, domin Ormerod tana ɗauke da allon Duet, wanda ke karɓar ƙarin injinan juyi, manhajarsa kuma ana iya gyara ta. Injin ya yi aiki. Ya buga rumfa ba matokari, ya shimfiɗa roba a kan doro ba matakala. Tun a lokacin an tabbatar cewa firintar gida tana iya motsi biyar ba tare da an kashe dukiya ba.

Amma ba a nan gizo yake saƙa ba. Babu manhajar yanka da ta san aksis biyar, sai da Grutle ya nemi hanyar kansa ta samar da umarnin kowane gwaji. Inji ne da ke iya buga siffofin da mai shi ya zauna ya lissafa, ba kowace siffa da aka miƙa masa ba. Manhajojin masu sassaƙa ƙarfe, waɗanda suka san karkata, suna da tsada, tunaninsu kuma a juye yake: su daga dunƙulen ƙarfe suke farawa suna ragewa, ba ruwansu da tambayar ko akwai abin da layi zai zauna a kai, ko nawa za a turo na roba in kaurin shimfiɗa ya bambanta daga wannan gefe zuwa wancan. Shi ya sa aka yi shekaru ana ganin hotunan injina masu aksis biyar a intanet, abin da suka buga kuwa bai wuce bututu mai gwiwa da ƙwallo ba.

Manyan kamfanoni sun bi tasu hanyar. DMG Mori ta nuna injin da ke fesa garin ƙarfe yana kuma sassaƙa a 2013, Stratasys ta nuna mai aksis takwas da hannun mutum-mutumi a 2016, duka ba na mai tebur ba ne. A jami'o'i ma da hannun mutum-mutumi aka fi yin gwaji. Ayarin Farfesa Charlie Wang, da farko a Delft ta Holan, daga baya a Manchesta, ya yi aikin da ya fi zurfi a lissafin: a 2018 suka nuna yadda za a raba kowace siffa zuwa lanƙwasassun shimfiɗu da ba sa bukatar matokari, a 2020 suka sa layukan roba su bi hanyar da nauyi zai ja abin, a 2022 suka haɗa waɗannan buƙatu a manhaja ɗaya mai suna S3. Ilimin ya samu, sai dai yana zaune a kan injinan da ɗalibi ba zai saya ba.

Wasu suka ce bari a ga iyakar abin da aksis uku za su yi. A 2018 Daniel Ahlers, a jami'ar Hamburg ta Jamus, ya gyara Slic3r yadda cikin abu zai tashi a kwance kamar kullum, amma shimfiɗun saman su bi doro, nozul yana hawa yana sauka a cikin layi ɗaya. A 2019 masu bincike a cibiyar Inria ta Faransa suka fito da CurviSlicer mai lanƙwasa shimfiɗu kaɗan-kaɗan. Matakala ta ɓace a gangara mai sauƙi. Da gangarar ta yi tsanani sai gefen nozul ko gidan fanka ya daki aikin, domin har yanzu bakin ƙasa yake kallo.

Dabarar da ta fi burge ni a duk wannan tarihi daga Suwizalan ta fito. A jami'ar kimiyya ta ZHAW da ke Winterthur, Michael Wüthrich da abokan aikinsa sun sauya firintar Prusa zuwa mai aksis huɗu, suka kira ta RotBot. Sun karkata nozul da digiri 45, suka sa kan firintar gaba ɗaya yana juyawa a tsaye ba iyaka. Shimfiɗun da take zanawa ba a kwance suke ba, siffar mazurari gare su, ɗaya cikin ɗaya, don haka reshen da ya miƙe sambal a kwance daga jikin abu yana samun mazauni a kowane layi. Abin da suka yi da manhaja, wanda suka wallafa a 2021, shi ne ainihin gudummawar. Ba su rubuta sabuwar manhajar yanka ba. Sun ɗauki siffar da ake son bugawa suka murɗe ta a kwamfuta, kowane ɗigo aka ɗaga shi gwargwadon nisansa daga tsakiya. Suka miƙa wannan murɗaɗɗiyar siffa ga manhajar yanka ta yau da kullum, ta yanka ta a kwance kamar yadda ta saba. Sannan suka ɗauki umarnin da ta fitar suka warware murɗin. Siffar ta koma daidai, shimfiɗun da suke a kwance suka zama mazurari. Duk aikin shekaru da aka zuba a tsofaffin manhajoji, na cika ciki da daidaita bango da janye zare, bai tafi a banza ba. Da Stefan Hermann, mai tashar CNC Kitchen a YouTube, ya nuna cewa ko firinta mai aksis uku za ta iya wannan in aka rage kusurwar mazurarin, sai dabarar ta fita daga jami'a ta shiga gidaje.

Shekaru bakwai bayan Pentarod aka samu wanda ya haɗa ƙarfe da manhaja ya miƙa wa jama'a a dunƙule. A 2022, a taron masu bincike na CHI da aka yi a New Orleans, Freddie Hong da Connor Myant da David Boyle na Imperial College a Landan, tare da Steve Hodges na sashen binciken Microsoft, suka gabatar da Open5x. Sun zaɓi Prusa i3 MK3S, firintar da dubban mutane suka riga suka mallaka. Ana cire farantinta, a ɗora wata kujera ta inji a kan layin Y, wadda ke karkata gefe zuwa gefe, a tsakiyarta kuma ɗan faranti mai juyawa. Injinan juyi biyu ne ke tuƙa su da bel. Yawancin sassan firintar ce da kanta take bugawa kafin a kwance ta, sauran kuma boris ne da bel da noti da ake samu a kasuwa. Ana musanya allon Prusa da na Duet. Suka saki zane da jerin kaya da saitin manhaja a GitHub, daga baya aka yi irin wannan sauyi ga Voron 0 da E3D ToolChanger.

Suka haɗa da manhajar tsara hanya mai nuna motsin injin a allon kwamfuta kafin a fara, domin mutum ya ga inda nozul zai yi karo. Abin da Hong ya fi mayar da hankali a kai shi ne zana layuka a kan lanƙwasasshiyar fata, misali layin roba mai ɗaukar lantarki a jikin abin da aka riga aka buga. Sai dai manhajar tana zaune ne a cikin Grasshopper, wani sashe na manhajar zane ta Rhino, Rhino kuwa ta kuɗi ce, a lokacin farashinta ya yi kusan na firintar kanta. Kuma ba irin ta danna maɓalli ɗaya ba ce. Mai aiki ne zai nuna mata fatar da za a bi.

Wanda ya gama ɗaure noti na ƙarshe yakan ɗauka ya gama, alhali yanzu ya fara. Dole manhaja ta san daidai inda cibiyar juyawar faranti take. In ta kuskure da milimita 0.2, da faranti ya yi rabin zagaye kuskuren ya zama 0.4, faɗin layi guda cur, bangon da aka fara ta wannan gefe ba zai haɗu da na wancan ba. In karkatar ta kauce da digiri ɗaya tak, a nisan milimita 50 daga cibiya nozul ya kauce da kusan milimita 0.9, sama da kaurin shimfiɗa huɗu: ko dai ya nutse cikin aikin, ko ya fesa roba a iska. Bel ɗin da ya ɗan saki, wanda a firintar aksis uku ba zai wuce ɗan tabo ba, a nan yana lalata aiki gaba ɗaya.

Gudu ma wata rigima ce. Firinta tana auna gudunta da milimita a minti, juyawa kuwa da digiri ake auna shi. Digiri ɗaya a bakin faranti tafiya ce mai tsawo, a kusa da cibiya kuwa kusan tsayuwa ce. In ba a sake lissafa gudun kowane ɗan taki ba, nozul zai yi ta rarrafe a wani wuri yana tara roba, ya zabura a wani wurin ya bar layi siriri. Mafi muni shi ne lokacin da nozul ya zo kusan saiti ɗaya da cibiyar juyawa, kamar a ƙoƙuwar ƙwallo. A nan ɗan canjin fuska kaɗan yana iya bukatar faranti ya yi rabin zagaye nan take. Injin juyi ba zai iya ba, sai ya ɗauki lokaci, nozul yana tsaye a wuri ɗaya roba tana tsiyaya, a samu ƙulli a daidai inda ido zai fara sauka. Masu sassaƙa ƙarfe sun san wannan matsala tun da daɗewa, amma su in wuƙa ta ɗan dakata ba abin da ke zuba.

Akwai kuma abin da ake sadaukarwa. Farantin ya ƙanƙance, domin yana bukatar filin karkata. Ɗumama shi ya zama aiki, tunda waya ba ta jure juyi ba iyaka sai an sa zoben lantarki mai zamewa. Ana neman dogon nozul siriri domin ya shiga lungu, ana matsar da fanka nesa, sanyaya roba ya ragu a daidai aikin da ya fi bukatarsa. Ga wanda ke buga akwati ko murfi ko maƙalin waya, firintarsa ta aksis uku ta fi masa, kuma banza ne a ce masa ya sauya. Ribar tana wajen bututu mai lanƙwasa da ba a iya cire matokari daga cikinsa, da fankar famfo mai murɗaɗɗun fukafukai, da sashen da nauyi ke ja ta fuskoki da yawa, da ƙara wani abu a jikin kayan da aka riga aka ƙera.

A 'yan shekarun nan ƙoƙarin ya koma inda matsalar take. Andrew Gleadall na jami'ar Loughborough ya saki FullControl a 2021, inda mutum ke tsara hanyar nozul kai tsaye ba tare da yanka ba. Marlin ta karɓi ƙarin aksis. Joshua Bird ya saki zanen wata ƙaramar firinta mai aksis huɗu a 2024, a 2025 kuma ya biyo ta da manhajar S4, wadda ta ɗauki dabarar nan ta murɗewa da warwarewa ta faɗaɗa ta zuwa siffofin da mazurari ba zai iya ba, har ya buga ɗan jirgin ruwan gwaji na Benchy a kife ba matokari. Da sauran rina a kaba duk da haka. Manyan manhajojin da jama'a ke amfani da su, Cura da PrusaSlicer da OrcaSlicer, a kwance suke yanka, kuma wanda ya sauya firintarsa sai ya bi ta jerin ƙananan manhajoji yana gyara lambobi da hannu.

Abin da ya fi damuna shi ne kasuwar kanta tana komawa inda ta fito. Tun da Bambu Lab ta shigo a 2022 da firintoci masu sauri da ba sa bukatar saiti, masu saye da yawa sun karkata can, kuma suna da hujja, domin injinan suna aiki. Amma manhajar allonsu a rufe take. Wanda yake son ƙara musu aksis sai ya zare allon gaba ɗaya, ya rasa yawancin abin da ya biya kuɗi dominsa. Don haka firintocin da suka fi dacewa da wannan aiki su ne tsofaffin Prusa da Ender da Voron: zanensu yana nan ga mai so, kayan gyaransu suna da araha, in kuma lissafi ya kuskure nozul ya daki faranti, asarar ba ta wuce ta 'yan daloli ba.